Sojojin Dalma a Kan Daɓena

Shekarar da aka ba mu mulkin kai, Baturen da ke zuwa rangadi Bagudo ya raba kayansa kafin ya tafi. Kukunsa ya samu keke. Mai gadin bariki ya samu bargo da fitila. Maigidana, wanda tun dawowarsa daga yaƙin Bama da muƙamin kofur yake yi masa masinja, ya shigo gida rungume da gwangwanin biskit, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da jinjiri. Na karɓa na ji nauyi, na ce a raina to, Allah ya kawo. Da aka buɗe sai ga wasu 'yan mutane na dalma, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, da jajayen riguna da bindigogi, wasu bisa dawaki. Akwai kuma 'yar igwa mai harba tsinke.

Na ce, "Malam, mine ne wanga?"

Ya ce, "Bataliya ce."

Na ce, "Ana ci?"

Mutum ne mai haƙuri, Allah ya jiƙansa, kuma ya san bakina. Ya ce Baturen nan da abokansa sukan jera su a kan tebur su yi yaƙi, da dokoki da komai. Na ce lallai, mutanen da suka riƙe mu shekara da shekaru, ashe da 'yar tsana suke wasa in sun rufe ƙofa.

Ni a lokacin abin da nake tinƙaho da shi a duniya shi ne daɓena. Tsakar gida ce na share, matan unguwa suka taru da madaɓai muka buga ta da tsakuwa da ruwan makuba har ta yi baƙi tana sheƙi. Ko tuwo ya faɗi a kai kana iya ɗauka ka ci. Don gumi na yi shi. Wanda bai sani ba, shinkafa ce ake jiƙawa da ɓawonta, a turara, a shanya, sa'annan a cashe. Daga an jiƙa ta kuwa babu jira. In ba ta samu wurin shanya mai tsabta ba sai ta yi tsami, ta yi baƙi, ta farfashe a turmi. A kakar nan shinkafar fadama ta yi kyau, rabona yana nan cikin rumbu yana jirana.

Ana haka sai ga yayana. Mu mutanen tsallaken iyaka ne, ƙasar da ake ce wa Dahome a lokacin, Benin ta yanzu. Iyakar ma wata hanyar gona ce, akuya na tsallake ta ta dawo ba wanda ya tambaye ta. Yaya ya yi sojan Faransi, ya dawo da jar dara da baki fal labari. Irin baƙin nan ne da ke rataye jakarsu a ƙusa ba su ce ga ranar tafiya ba. Tun daga zaure ya fara gori, wai su sun riga mu samun mulkin kai, mu kullum a baya.

Kun san yadda miji yake da yayan matarsa. Malam ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya musu da shi. Takalmi ma a bakin zaure yake cire shi in Yaya yana ciki. Mutumin da ya shiga dajin Bama ya fito, sai ka gan shi tsugune yana "Awo, Yaya, gaskiya ne, Yaya." Shi kuwa Yaya ya san da haka, kuma yana shan romonsa.

Washegari ya ga gwangwanin. Na zaci zai yi dariya ya taya ni. Sai na ga ya ɗauki soja ɗaya ya juya shi, ya ce ba a riƙe bindiga haka. Kafin la'asar ya tafi bakin fadama ya ɗebo yumɓu. Dattijo mai furfura a gemu ya zauna ya miƙe ƙafa yana gina 'yan mutane kamar yaron da ke gina shanu. Ya yi musu jajayen huluna da jan ƙasa, ya busar da su a gefen murhuna. Da suka bushe sai aka fara neman filin daga. Ƙasar zaure tana da rami-rami, sojoji ba su tsayuwa. Ƙofar gida akwai idon mutane. Ina kuma ya rage?

"Yini ɗaya ne," in ji Malam. "Mu gwabza mu kwashe."

Suka ce ba za su zama Ingila da Faransi ba, tunda masu ƙasashen sun tafi. Kowa ya ƙago tasa. Malam ya zama sarkin Ƙasar Bakin Rumbu, Yaya ya zama shugaban Ƙasar Gindin Turmi, don wai su can ba su yin sarki yanzu. Suka kife ƙoraina suka zama duwatsu. Taɓaryata aka kwantar a tsakiya, ita ce kogi. Faifaina na kaba ya zama birni. Duk abin da na miƙa hannu in ɗauka sai a ce kada in taɓa, gari ne, akwai mata da yara ciki.

Suka jera runduna, kowa ya koma bayan tasa ya tsuguna. Ashe ba wanda ya san yadda za a san wa ya mutu.

Nan aka fara zaɓen doka, abin da ya cinye mini kwanakin rana mafi kyau a shekarar. Malam ya ce a bi ta Bature. A gindin gwangwanin akwai 'yan ƙasusuwa masu ɗigo a kowace fuska, irin waɗanda yara ke wasan ludo da su yanzu. A jefa, mai ɗigo da yawa ya kashe mai kaɗan. Wannan ta yi wa Malam daɗi ƙwarai, kuma ni na gane dalili tun kafin ya rufe baki. In ƙashi ya kashe sojan Yaya, ba hannun Malam ya kashe shi ba. Babu rashin kunya. Amma Yaya ya ce a tambayi limamin unguwa. Liman ya zo, ya dubi sojojin, ya dubi dattawan biyu, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce 'yan tsanan ba zai ce komai a kansu ba, ko da yake ga yara aka san su. Ƙasusuwan kuwa caca ce, ko ba a sa komai ba. Yaya ya ce to a watsa wuri, irin na kuɗin da. Liman ya ce wannan kuma aikin 'yan duba ne, ya sa takalminsa ya fita.

Sai dokar Yaya. Ya ce soja harbi aka san shi da shi, a yi da igwar nan, kowa ya harba a jere, wanda tsinke ya kayar ya mutu. Malam ya iya saiti, na sha ganin ya kaɗo tsuntsu daga kan gawo da gwafa. Amma ranar nan tsinkensa ya bi ta sama, ya bi ta gefe, ya shiga randa, ya samu ƙafata. Yaya kuwa yana ta zubar da jajayen riguna.

"Kofur, haka kuka yi a Bama? To wa ya ci muku yaƙin?"

"Iska ce, Yaya."

"Iska ta tsaya sa'ad da nika harbi, ko?"

"Awo, Yaya."

Sau ɗaya hannun Malam ya manta da kansa. Tsinke ya tafi kai tsaye ya fille kan babban hafsan Yaya, wanda aka yi wa gashin baki da zaren bargo. Kan ya gangara har bakin murhu. Malam ya miƙe ya fita ba takalmi, bai dawo ba sai bayan magariba, da goro a ganye, ya tsuguna yana ba da haƙuri. Yaya ya karɓi goron ya ce ba komai, ai yaro ba ya rasa kuskure. Malam ya ce shi dai a sake doka, igwar nan tana lalata kaya.

Aka koma dokar baki. Kowa ya faɗi abin da sojojinsa suka yi, a matsar da su gwargwado. Mai ƙafa ya yi tafiyar ɗani ɗaya, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, mai doki ɗani biyu. Hannun Yaya kamar na mai tatsar raƙumi, ɗaninsa ɗaya ya kusa biyun Malam. Aka yini a kan hannun wa za a bi. Aka yini a kan ko doki yana iya haye taɓarya. Aka yarda ba a yaƙi ranar Juma'a, ba a yi ranar kasuwa, ba a harbin wanda ya tsaya salla, daga nan duk sojan Yaya da aka ritsa sai a ce salla yake. Da Malam ya yi ƙarfin hali ya ce mutanensa sun kewaye Gindin Turmi sun buɗe wuta, Yaya ya ɗaga sojansa ɗaya ya nuna masa wani zare a wuya.

"Ka ga wanga? Laya ce. Harsashi ba ya cin su."

"Dukkansu, Yaya?"

"Kana nufin ƙarya nika yi?"

"A'uzubillahi, Yaya."

Ina bakin murhu ina jin su. Ƙasa ta samu mulkin kai, a rediyon mai shayi ana ta maganar makarantu da hanyoyi, su kuwa ga su nan, tsofaffin sojoji biyu, suna gardama ko laka tana da laya. Abu ɗaya suka yarda a kai ba musu: har a gama zaɓen doka, ba mai taɓa soja ko ɗaya daga inda yake tsaye. Ni aka yi wa wannan dokar.

Kullum Malam sai ya ce gobe za su kwashe. Wata rana na gaskata shi na jiƙa shinkafa cikin babbar tukunya. Gobe ta zo, ana maganar ko wanda aka kama fursuna yana iya komawa yaƙi. Na leƙa gidan maƙwabciyata, daɓenta shimfiɗe da tata. Na dawo na buɗe tukunya, na ji warin ya fara juyawa. Na hura wuta na turara ta. Da suka fita sallar azahar na ɗebo ta da zafinta na baza a kan daɓena, tsakanin ƙafafun sojoji, kewaye da duwatsu da birni, har bakin kogi. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na koma ɗaki in ɗauko zanen da zan rufe randa.

Kafin in fito kaji sun sauka. Wata kaza wake-wake da na saya wurin 'yar Fulani mai nono ita ce a gaba, tana tono da ƙafa biyu, tana watsa shinkafa da sojoji baya. Na ɗauko kara zan kore ta, sai ga su Malam sun shigo. Na tsaya ina jiran faɗa.

Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Bar ta."

Suka tsuguna. Kaza ta bi ta gefen Gindin Turmi ta shure jajayen huluna a jere, ta juya ta hankaɗe mahayin dalma da dokinsa. Malam ya dubi Yaya ta wutsiyar ido, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, wagga hwa ba hannun kowa ba ce."

Yaya ya ce, "Kuma ba a jefa ta ba."

Aka sake kiran liman. Na tabbata don ya huta da su ne ya ce kaza abincinta take nema, ba caca ba ce. Shi ke nan, doka ta samu. A jera runduna, a yayyafa hatsi tsakani, a saki kaza. Wanda ta kayar ya mutu, mai laya da marar laya. Wanda mutanensa suka fi yawa a tsaye sa'ad da ta ƙoshi, shi ya ci.

Ko wannan ma sai da aka yi yini a kan wace kaza. Yaya ya ce jan zakara yana jin haushin jajayen huluna. Malam ya ce farar kazar tana tsoron ƙyallin dalma, ba ta zuwa wajensa, kuma ba ya son a ce ya ci da rashin gaskiya. Sauran duk a gidan Malam aka ƙyanƙyashe su, Yaya ya ce 'yan Bakin Rumbu ne. Wake-waken nan kaɗai ce ba ta da ƙasa, tunda daga ruga ta zo. Suka yi alkawari ita kaɗai ce za ta yi hukunci, suka sa mata suna Alƙali. Ana kife ta da kwando tun safe don ta ji yunwa. Da aka zo maganar hatsi kuwa, Alƙali ta ƙi gero, ta ƙi dawa, ta ɗanɗana gumi ba ta son komai sai shi. Shinkafar da na shanya ta zama kayan yaƙi, kuma aka hana ni cewa kur a tsakar gidana.

Zan faɗi gaskiya, na ɗan yi shiru da farko. Ranar da Alƙali ta share Gindin Turmi ta bar wa Malam mahayansa tsaye, na ga ya tashi ya je bayan rumbu kamar mai neman wani abu. Na bi shi da ido. Ya dafa rumbu, kafaɗunsa suna rawa, yana dariya ba sauti. Tunda na zo gidan ban taɓa ganin ya ci Yaya a komai ba, ko a maganar ranar da wata zai tsaya. Ya share ido, ya dawo ya tsuguna ya ce, "Allah ne ya yi, Yaya." Saboda wannan na bar musu shinkafar tukunyar farko. Abin da na tsince daga ciki, da kashin kaza da ɓarɓashin laka, bai kai a ba baƙo ba.

Amma Yaya ba ya shan kaye ya tafi gida. Ya ce a sake. Aka sake, ya ci. Malam ya ce to an yi kunnen doki. Yaya ya ce sai an raba gardama. Ya aika gida da wani mai jaki a ce a ci gaba da sussuka ba da shi ba. Ya koma fadama ya ɗebo sabon yumɓu, wai zai ƙara masu dawaki. Na dubi rumbu, shinkafata tana ciki ɓeraye sun fara yi mata sallama. Na dubi daɓe, kogi da duwatsu. Na dubi Alƙali, ta yi ƙiba har tana tafiya kamar amaryar attajiri.

Wata safiya suna zaune a kan tabarma suna jiran rana ta ɗaga a fara, na je na ɗaga kwando na kama ta ta fukafukai. Na ɗauko wuƙa da ruwa a buta. Na zo na durƙusa gaban Malam, inda Yaya ke ji.

Na ce, "Malam, ni dai kunya ta ishe ni. Yaya ya daɗe gidan ga ba mu yanka mishi komi ba. In ya koma aka tambaye shi, mi za ya ce? Ƙanwarshi tana gidan da ba a san girman suruki ba?"

Malam ya dubi kazar, ya dube ni. Ya ce, "Babu wata?"

Na ce, "A ba Yaya ramammiya? Wagga ita ta ƙoshi. Ku kuka ƙosar da ita."

Yaya ya gyara zama. Ya ce, "A'a, ku bari. Kada ku wahalar da kanku."

To wannan ita ce maganar da kowane baƙo yake yi in ya ga an kamo masa kaza. Kuma amsarta ɗaya ce, Malam ya san ta tun yana yaro. Na ga leɓensa yana motsi kafin sauti ya fito.

"Haba Yaya, ai ba wahala."

"Kofur, da gaske nika yi. A bar ta."

"Ai ko rago ne, Yaya, ka fi ƙarfinshi."

"Na ce ban so."

"Ka yi haƙuri da ɗan abin da ya samu, Yaya."

Duk yadda Yaya ya ƙara ƙi, haka Malam yake ƙara nutsewa. Miji ya mayar da kazar da aka kamo wa yayan matarsa cikin kwando? Da kafin azahar labari ya tsallaka iyaka. Shi kuma Yaya ba zai buɗe baki a gaban ƙanwarsa ya ce a bar masa kaza don ta yi masa alƙalancin laka ba. Ya dube ni, irin kallon da yake yi mini muna yara in na kai ƙararsa wurin inna. Na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki, na miƙa wuƙa.

Malam ya fuskanci gabas ya yi bisimilla. Da ya yanka ta, ya daɗe yana wanke wuƙar.

Na yi mata miyar da ban taɓa yin irinta ba, da daddawa da man shanu, na tuƙa tuwon shinkafa. Yaya ya ci a zaure shi kaɗai, kamar yadda aka saba. Kwanon ya dawo ba ko ƙashi mai nama. Na kai wa Malam wuya da ƙafafu a ɗakinsa. Ya daɗe yana duban su, ya ce, "Ba ta taɓa son kai ba." Sa'annan ya ci.

Da la'asar suka gwada naɗa wani alƙalin. Yaya ya ƙi zakara, Malam ya ƙi farar, sauran 'yan Bakin Rumbu ne. Suka koma kan ƙasusuwa, suka tuna da liman. Suka dubi igwa, Malam ya kau da kai. Washegari Yaya ya sauke jakarsa daga ƙusa, ya ce sussuka tana jiransa. Ya ɗauki hafsansa mai sabon kai ya sa a aljihu, ya bar sauran. A bakin zaure ya ce wa Malam zai nemo kaza daga wata ruga in ya dawo. Malam ya ce, "Allah ya kawo ka lafiya, Yaya," ya riƙe masa jaka har bayan gari.

Kafin Malam ya dawo na kwashe jajayen huluna na zuba gindin kabewa. Na dalma na wanke su ɗaya bayan ɗaya na mayar cikin gwangwani, don na Malam ne. Na ɗauke taɓaryata da ƙoraina da faifaina. Na share daɓe, na yayyafa ruwa, na sake sharewa, na jiƙa tukunya ta biyu. Malam ya shigo ya tsaya ya ga wurin fili, ya ɗauki gwangwaninsa ya tura ƙarƙashin gado.

Da na shanya shinkafar, shi ya zauna a inuwar rumbu da dogon kara yana kora mini kaji. Farar ce kaɗai na ga yana bari ta ɗan matso, yana duban yadda take tono.